Yankan kurfi a gindin yatsa: nazarin raunin wani ɗan koyon kafinta a Maraɗi

Lamarin da za a duba a nan ya faru ne a wani shagon kafinta da ke cikin garin Maraɗi, kuma wanda abin ya shafa saurayi ne ɗan kimanin shekara 19, da ke cikin shekararsa ta uku ta koyon sana'a a hannun maigidansa. An sakaya sunansa da na shagon. Raunin da ya ji ba irin wanda ke tara jama'a ba ne, domin tsawon yankan bai wuce santimita 2 ba, jinin ma bai daɗe yana zuba ba. Amma wata 8 bayan haka saurayin bai iya dunƙule hannunsa na hagu gaba ɗaya, kuma mafi yawan abin da ya jawo wannan nakasu ya auku ne a makonnin da suka biyo bayan yankan.

Lokacin bayan kaka ne, sa'ad da manoma suka sayar da amfanin gona, bukukuwan aure suka yawaita, shagunan kafintoci kuma suka cika da aikin kayan ɗaki. An ba saurayin aikin gyara ramin da ake sassaƙawa a ƙafar gado domin katakon gefe ya shiga ya zauna daram. Jan katako ne mai tauri, rana ta yi sanyi, babu wutar lantarki, hasken cikin shagon kuma ya ragu. Ƙarfen matse katako guda ɗaya ne a shagon, yana hannun wani, saboda haka sai ya dafe ƙafar gadon da hannun hagu, ya riƙa tura kurfi da hannun dama ba tare da guduma ba, bakin kurfin yana fuskantar hannun da ya dafe. Kurfin ya kwana biyu bai ga dutsen washi ba. Da ya iso wani ƙulli a jikin katakon sai ya cije, saurayin ya ƙara ƙarfi, katakon ya tsage, kurfin ya zarce ya shige shi a gindin yatsan nuni ta ɓangaren tafi, daidai inda yatsan ya haɗu da tafin hannu, a lokacin da yatsan ke lanƙwashe yana riƙe da katako.

Yaran shago da yawa suna ɗauka cewa kaifi shi ne haɗari, alhali dakusasshen ƙarfe ya fi yawan yanka mai shi. Kurfi mai kaifi yana cin katako da ɗan turi kaɗan, mai riƙe da shi yana iya tsayar da shi duk inda ya so. Dakusasshe kuwa sai an danna shi da nauyin kafaɗa, kuma da zarar katakon ya saki, wannan ƙarfi ba shi da wurin zuwa sai gaba. Ka'idar da tsofaffin masassaƙan turmi da akushi suka sani tun kafin zuwan injuna ita ce kada wani sashe na jiki ya kasance a gaban bakin ƙarfe, kuma wannan ba ta yiwuwa ga kafinta sai in wani abu dabam ne ke riƙe masa katakon.

Abokan aikinsa sun yi abin da aka saba yi. Ɗaya ya yanko robar tayar babur ya ɗaure gindin yatsan tamau, wani ya tsiyaya fetur a kan ciwon, wani kuma ya kawo shawarar a zuba man birki a cusa garin katako. Allah ya sa maigidan ya dawo daga masallaci kafin a kai ga haka, ya kwance robar, ya sa aka danne wurin da tsumma mai tsabta, aka ɗaga hannun sama. Wannan shi ne daidai. Dannewa sosai na minti 10 zuwa 15 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, tare da ɗaga hannu ya wuce ƙirji, yana tsayar da kusan duk jinin da ke fita daga yatsa. Robar da aka ɗaure tamau kuwa tana hana jini isa ga yatsan baki ɗaya, in ta yi sa'o'i tana iya kashe shi. Fetur da man birki suna ƙona naman da ake so ya haɗe, garin katako da toka kuma datti ne ake turawa cikin rami mai zurfi. Ruwa mai tsabta da sabulu sun wadatar kafin a isa asibiti.

A wani ƙaramin ɗakin shan magani na unguwa aka kai shi. An wanke ciwon, an yi ɗinki uku a fata, an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi, an kuma yi masa allurar kariya daga cutar sarƙewar haƙora, wato tetanos. Allurar nan ta dace ƙwarai. Ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, ta fi son ciwo mai zurfi da ƙaramin baki, alamunta kuma kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21. Kariyar rigakafin takan ragu, shi ya sa ake sabunta ta duk shekara 10, ko bayan shekara 5 in ciwon mai datti ne. Tunda rigakafin yau da kullum ya fi mayar da hankali ga jarirai da mata masu juna biyu, samari da magidanta masu aikin ƙarfe da katako su ne galibi ke yawo ba kariya.

Abin da ba a yi ba a daren nan shi ne gwada yatsan kafin a rufe fatar, gwajin da bai fi minti 2 ba. Sai an san abin da ke ƙarƙashin fatar wurin za a gane muhimmancinsa. Hannu yana da ƙasusuwa 27, amma manyan tsokokin da ke dunƙule yatsu suna can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga gare su ne jijiyoyin lanƙwasa, farare masu tauri, suke ratsa wuyan hannu da tafi su isa yatsu. Kowane yatsa cikin huɗun yana da guda biyu, ta sama mai lanƙwasa gaɓar tsakiya da ta ƙasa mai zarcewa ta lanƙwasa gaɓar ƙarshe, babban yatsa kuma yana da doguwa guda ɗaya. Daga gindin yatsa zuwa tsakiyarsa jijiyoyin biyu suna tafiya tare cikin wani matsattsen kube mai santsi, wanda ƴan ɗamaru ke riƙe da shi a jikin ƙashi. Aikinsu kamar na wayar birkin keke ne cikin bututunta: in wayar ta tsinke, ko ta manne a ciki, duk matsar da za a yi daga sama ba za ta isa ƙasa ba. A gefe da gefen yatsan kuma akwai jijiyar jini da jijiyar ji, ɗaya ta kowane ɓangare, kuma duka waɗannan ba su fi ƴan milimitoci nisa daga fata ba.

Gwajin kansa mai sauƙi ne. A riƙe gaɓar tsakiya a miƙe, a ce mutum ya lanƙwasa kan yatsan; in ya kasa, jijiyar ƙasa ta yanke. A riƙe sauran yatsu a miƙe, a ce ya lanƙwasa wanda ya ji ciwon shi kaɗai, domin a ga aikin ta sama. Sannan a sa ya rufe ido a shafa gefen yatsan biyu, a kwatanta da na ɗaya hannun. Ko kallo kaɗai yana nunawa, domin hannun da aka saki a kan tebur yatsunsa kan ɗan tanƙware a jere, wanda jijiyarsa ta yanke kuwa yakan tsaya a miƙe shi ɗaya. Leƙa cikin ciwon ba ya wadatarwa, musamman in an yanke ne yatsa na lanƙwashe, saboda da an miƙe shi guntun jijiyar na gaba yakan gusa can gaba da bakin ciwon, na baya kuma tsoka ta janye shi zuwa tafi, sai a ga rami wayam a ɗauka babu ɓarna.

Kwana 8 bayan haka aka cire zare, fata ta haɗe tsaf ba mugunya, kowa ya yi hamdala. Saurayin ne ya ce wa maigidansa, “Maigida, ɗan yatsan ga bai son lanƙwasuwa.” Amsar da ya samu ita ce wadda kusan kowa zai bayar: “Tsami ne ya yi, ba shi kwana biyu zai saki.” Da kwana biyun suka wuce ba canji, mahaifiyarsa ta sa kawunsa ya kai shi wurin wani tsohon maɗori. Ya kamata a yaba wa dattijon nan, domin da ya lalluba yatsan ya ce ƙashi lafiya lau yake, wannan ba aikinsa ba ne, su koma asibiti. Da ya ja yatsan ya ɗaure shi da kara na mako uku, da damar da ta rage ta wuce.

A kwana na 13 likitan tiyata a ɗaya daga cikin manyan asibitocin garin ya gan shi, ya yi gwajin da aka bayyana a sama, ya tabbatar da cewa jijiyoyin lanƙwasa biyu sun yanke, haka ma jijiyar ji ta gefen da ke kallon babban yatsa. An ɗauki ƙarin kwana 3 kafin a haɗa kuɗin aiki da na kayan da aka rubuta a takarda. Lokaci yana da nauyi a nan. Ɗinkin da aka yi cikin kwanakin farko ya fi sauƙi, kuma har zuwa mako 2 ko 3 ana iya jawo bakunan biyu a haɗa su kai tsaye. In aka wuce haka da yawa tsokar takan takure, kuben ya cike da tabo, sai dai a ɗebo jijiya daga wani wuri a dasa, wani lokaci ma a aiki biyu da watanni a tsakaninsu. Wurin da kurfin ya shiga kuwa shi ne mafi wuya a hannun baki ɗaya. Sterling Bunnell, likitan Amurka da ake ɗauka uban tiyatar hannu, ya hana ɗinke jijiya nan take a wannan yanki saboda yawan mannewa, kuma an daɗe a kan ra'ayinsa har zuwa 1967, lokacin da Harold Kleinert da abokan aikinsa a birnin Luwisbil suka nuna cewa ɗinkin yana yin kyau in an yi shi da kulawa kuma aka fara motsa yatsan da wuri.

A ɗakin tiyata sai da aka tsawaita yankan a karkace, sama zuwa tsakiyar yatsa da ƙasa zuwa tafi, kafin a samo bakunan jijiyoyin. An ɗinke ta ƙasa gaba ɗaya, ta sama kuma reshe ɗaya cikin rassanta biyu aka ɗinke domin a rage cunkoso cikin kuben. An haɗa jijiyar ji da siririn zare. An tarar jijiyar jinin wannan gefen ma ta yanke, ta ɗaya gefen ce ta rayar da yatsan duk kwanakin nan. Daga nan aka ɗora simintin ɗori a bayan hannu kaɗai, daga ƙasan gwiwar hannu zuwa kan yatsu, yatsun a tanƙware daga gindinsu, domin ya hana miƙewar da za ta ja ɗinkin, ya kuma bar tafi a buɗe don motsa yatsu.

Iyalin sun ɗauka an gama, a nan kuma lamarin ya karkace karo na biyu. Jijiyar da aka ɗinke tana tsakanin haɗari biyu. In aka yi aiki da ita da ƙarfi ɗinkin zai tsinke, musamman a mako ukun farko da ya fi rauni. In aka bar ta ba motsi ko kaɗan, tabon da jiki ke yi don haɗa ta zai manna ta da kube da ƙashi. Mafita ita ce motsi mai iyaka: cikin kwana 3 zuwa 5 bayan aiki, mutum ya riƙa lanƙwasa yatsan da ɗaya hannunsa a hankali, ya sake shi ya miƙe iya inda simintin ya tsayar, sau da yawa a yini. Masu bincike biyu, Duran da Houser, sun nuna a 1975 cewa zamewar milimita 3 zuwa 5 kawai ta isa ta hana mannewa mai tsanani. Simintin yakan zauna kimanin mako 6, aiki mara nauyi ya biyo baya, riƙo da ƙarfi kuma sai bayan mako 12.

Sau biyu saurayin ya je wurin ma'aikacin motsa gaɓoɓi, sannan aka mayar da shi ƙauyensu ta wajen Madarunfa, tunda ba ya aiki, ciyarwa a birni kuma nauyi ce. Can ya naɗe hannun da rawani, simintin da komai, ya ƙi taɓa shi har mako huɗu, domin abin da ya riƙe daga duk bayanin da aka yi masa shi ne kalmar tsinkewa. Duk wanda ya zo gaishe shi kuma nasiharsa ɗaya ce, ya bar hannun ya huta. Yana yawo da hannun a rataye ƙasa, kumburi ya zauna, sauran yatsun da ba abin da ya same su su ma suka fara sandarewa. A ganina ba a kyauta masa ba in aka kira wannan sakaci. Yaron da aka gaya wa cewa motsi na iya ɓata aikin da aka sayar da rago aka biya, aka kuma tura shi inda babu mai nuna masa iyakar motsin, zaɓin da ya yi shi ne na mai hankali.

Batun kuɗi ba ya rabuwa da wannan. Hukumar CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na Nijar, tana ɗaukar nauyin haɗarin wurin aiki, amma ga ma'aikatan da aka yi wa rajista, ɗan koyo a shagon unguwa kuwa ba ya cikin kowane littafi. Kulawar kyauta da Nijar ta soma a 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce da mata masu juna biyu. Maigidan ya biya rabin kuɗin tiyata, kawun ya cika sauran, kuma dukansu sun yi ƙoƙari. Sai dai babu wanda ya lissafa abincin mako shida a birni da kuɗin kabu-kabu zuwa asibiti, alhali wannan ƙaramin kashi ne ke yanke hukuncin ko babban kuɗin da aka kashe zai yi amfani.

Da ya dawo aka cire simintin, an tarar da yatsa mai tauri. Bayan ƴan makonni na jiƙa hannu a ruwan ɗumi, murza tabo da man kaɗanya, da lanƙwasa kowace gaɓa ita kaɗai ana riƙe da ta ƙasanta, gaɓoɓin suka saki har ana iya tanƙwara yatsan da hannu ya taɓa tafi. Amma in shi ne zai lanƙwasa da kansa, sai ya tsaya a rabin hanya. Wannan bambanci shi ne ya fayyace matsalar: gaɓoɓi lafiya suke, jijiyar ce ba ta zamewa. Ɗan motsin da ake gani a gaɓar ƙarshe kuma ya nuna cewa ɗinkin bai tsinke ba, mannewa ya yi.

Jijiyar ji tana da nata lissafin. Ɗinke ta ba ya dawo da ji nan take, hanya kawai yake shimfiɗa wa sababbin zaruruwa, waɗanda ke tsirowa daga wurin yankan da saurin kimanin milimita 1 a yini, wato wajen wata 3 kafin su ratsa tsawon yatsa. Ana bin tafiyarsu ta hanyar ƙwanƙwasa gefen yatsan, inda mutum ya ji zir kamar jan lantarki nan suka iso. Kafin su isa, saurayin ya ƙone a jikin butar shayi bai sani ba sai da ya ga bororo. An ba shi shawarar da ake ba masu cutar kuturta a asibitin Danja da makamantansa, wato ido ya tsaya a madadin ji, a duba yatsan safe da yamma, a nisanta shi da wuta da kaifi. Sanyin hunturu ma ya wahalar da shi, yatsan yakan yi fari ya yi zugi da asuba, abin da aka saba gani bayan yankewar jijiyar ji da ta jini, wanda kan ragu a hankali, wani lokaci sai bayan shekaru. Gefen da ya mutu kuwa shi ne wanda ke haɗuwa da babban yatsa, wato inda kafinta na-dama ke riƙe ƙusa, shi ya sa ya koma riƙe ta da yatsan tsakiya, ɗabi'ar da ke rage amfani da yatsan nunin, ta kuma jinkirta dawowarsa.

Ya koma shago bayan mako 12, ya fara da awo da goge katako da shafa fenti. Maigidan ya sa wani mai walda ya ƙera ƙarin ƙarafan matsewa guda huɗu, washin kurfi ya zama aikin farko kowace safiya, an kuma ajiye sabulu da bandeji a cikin wata gwangwani mai murfi. Injin tsaga katakon shagon dai yana nan yadda yake, faifan zarto tsirara a tsakiyar tebur, sandar tura katako kuma tana rataye a bango fiye da yadda take hannu.

A awon wata na 8, in ya dunƙule hannu kan yatsan yana tsayawa santimita 3 daga tafi. Yana jin zafi da sanyi da tsini, amma ba ya bambanta tsini biyu sai tazararsu ta kai milimita 11, alhali a ɗaya hannun yana ganewa a milimita 4. Motsin ya daina ƙaruwa tun wata biyu da suka wuce, kuma wannan ne sharaɗin da likitoci ke jira kafin su yi maganar aiki na biyu, na ɓamɓare jijiyar daga tabon da ya riƙe ta. Likitan ya bayyana musu cewa aikin yana da haɗarin tsinkewar jijiyar, kuma ba shi da amfani sai in za a fara motsa yatsan washegari, a ci gaba kullum har makonni. Damina ta riga ta sauka, ana bukatarsa a gona ko da hannu ɗaya da rabi ne, don haka kawun da maigidan suka daidaita a kan a dakata sai bayan kaka, da alkawarin cewa wannan karon zai zauna a gidan maigidan a Maraɗi har ya kammala zuwa motsa hannun.